Lamba ta Ƙarshe Tana Wurin Abba

Setapak, Kuala Lumpur
6 ga Satumba, 2021

Yaya Ɗelu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara da duk mutanen Mandawari. Ya ƙarin haƙurinmu? Yau kwana arba'in da ɗaya da rasuwar ƙanenki. Allah ya kai haske kabarinsa.

Ki yafe mini rashin ɗaga waya. Gidan nan ɗaki biyu ne, bangonsa kamar kwali, ko tari na yi 'yarki Khaulah tana ji. Hausa tana jin ta ras, ko da yake da Turanci take amsawa, amma ba ta iya karanta ta ba. Shi ya sa na koma biro da takarda, in rubuta, in ɗauki hoto in turo miki.

Har yanzu ban gaya mata ba. Na bi maganarku, na ce Abba ya yi tafiya, makaranta ta tura shi Sabah, wurin ba sabis. Kullen korona ya taya ni ɓoyewa, don ko zaman makoki ba a yi ba, ba wanda ya shigo balle ta ga ana kuka. Ni kaina ban ga gawarsa ba. Ma'aikata cikin fararen kaya suka yi masa sutura, Hisham mijin maƙwabciyata Murja ya tsaya daga nesa, ya turo mini lambar wurin kabarin a taswirar waya. Ban taɓa buɗe ta ba.

Amma Yaya, kowace ƙarya na yi sai na nemo mata ƙanwa. Asibiti sun dawo da wayarsa a leda, ta gani, na ce ya bar mana ne don wasan akwati.

Bari in gaya miki wasan, don kin san ƙanenki da shirme mai tsari. Akwai mutane a garin nan da suke ɓoye ƙananan akwatunan roba a kogon bishiya ko ƙarƙashin benci, su sa lambar wurin a manhaja. Wani ya bi kibiyar wayarsa har ya gano, ya sa hannu a ɗan littafin da ke ciki, ya mayar yadda ya tarar. Ba a samun ko sisi. Shi kuwa ya mace a kai. Ranar da Khaulah ta ga hoton alkaki ta ce, "Abba, is it noodles?" kwana biyu ya yi yana mita, wai ya haifi 'yar da ba ta san farantin tallan Inna ba. Sai ya haɗa mata nata, akwati huɗu: fanke, alkaki, kek ɗin gwangwani, gireba. Ba a sa abinci a ciki saboda tururuwa da birai, kati ya rubuta da Hausa a kowanne, tare da lambar na gaba. Ya ce sai an buɗe gari za su nema tare. Lambar farko tana nan manne a firij da rubutunsa.

In wani ya gano ɗaya daga cikinsu, wayar ƙanenki sai ta yi ƙara. Jiya ina yanka albasa ta yi, 'yarki ta taho da gudu tana cewa Abba ne yake tuna mata. Ni kuwa wuƙar ce ta faɗi daga hannuna. Ina tsoron wayar nan, kuma na kasa barin cajinta ya ƙare.

Kullum sai ta tambaye ni yaushe za mu fita. Na ce sai Disamba, ban ce mata takaba nake ba. Ki gaya mini abin yi, don ni kaina ya ƙulle.

Ki gaishe da kowa. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Rabi


Mandawari, Kano
9 ga Satumba, 2021

Rabi,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah, kowa lafiya, haƙuri kuma ya zama dole. Takardarki ta iso, sai da 'yata Bashira ta buɗe mini hoton da yatsu biyu kafin na iya gani, rubutunki kamar sawun kaza.

Ki ci gaba da yin shiru. Yarinya 'yar shekara bakwai me za ta yi da labarin mutuwa a ƙasar da ba ta da gwaggo ba ta da kaka? Ki bari ku dawo, ta shiga cikin yara, wata rana za ta fahimta da kanta. Haka aka yi mana. Babanmu a hanyar Ikko motarsu ta faɗi, can aka binne shi. Ni ina sha uku, na ji kukan mata na gane. Mijinki Taju yana shida, aka kai shi gidan Gwaggo Daso har aka watse, aka ce masa Baba ya yi tafiya. To me ya same shi? Ba ga shi ya girma har ya kusa zama dakta ba?

Batun akwati kuwa, Allah ya ji ƙansa, amma ko yana raye sai na faɗa masa. Mutum da gemunsa, gwamnati ta tura shi ya karanto injiniya, ya ɓige da tusa roba a kogon bishiya. Kuma ke kin san kogon bishiya ba a rasa masu shi, na can ma ba mu san yarensu ba. In kin gama takaba kika ga yarinyar ta matsa, ku je da rana tsaka, ki yi bisimilla kafin ki zura hannu.

Na yi dariya da alkakin, sai kuma dariyar ta juye. Farantin Inna ne ya ciyar da mu bayan Baba, ni nake ɗauka in zaga har bakin kasuwar Kurmi. Amma da ya tsaya a uku. Ban san abin da ya kai shi ga gireba ba.

Ki dinga cin abinci, na ji Murja ta ce kin zama kamar sanda. Allah ya raya mana Khaulah, tunda ku 'yan boko gatsau kuke kiran sunan 'yar fari, ni ma na koya.

Yayarki,
Ɗelu


Setapak
12 ga Disamba, 2021

Yaya Ɗelu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya gida, ya sanyi? Na fita takaba ranar biyu ga wata. Takardar zamanmu a kan tasa take, tunda babu shi sai tafiya. An yankar mana tikitin komawa gida na tara ga Janairu.

Washegarin fitata takaba 'yarki ta ɓamɓaro lambar daga firij da kanta. Muka sa takunkumi, ta riƙe wayar Abbanta da hannu biyu, kibiya ta ja mu har bakin tafkin unguwarmu. Mita ɗari, mita hamsin, tana ƙirgawa da ƙarfi. A ƙarƙashin saiwar wata bishiya akwatin yake, bayan benci. Na yi bisimillar da kika ce. Da na buɗe, Yaya, ƙamshin turarensa ne ya fara fitowa, bayan wata bakwai a cikin damshi.

Ga abin da ya rubuta: "Khaulah, fanke ba donot ba ne. Donot rami gare shi a ciki, fanke cikakken mutum ne. Kakarki ke soyawa, Gwaggo Ɗelu ke tsamewa, ni kuma aikina zaman jiran wanda ya ƙone." Sau uku ta sa na karanta mata.

Da za mu rufe, ta zaro ɗan kek na leda da na saya mata a kedai, wato shagon ƙasan gidanmu, ta tura ciki. Na ce doka ta hana. Ta ce, "It's for Abba lah, Mama. In ya zo dubawa zai ji yunwa." Na ƙyale ta.

Bayan kwana huɗu ta matsa muka koma. Babu kek. Na duba littafin, ba wanda ya sa hannu bayanmu, wayar ma ba ta yi ƙara ba. Na ce a raina biri ne. Amma biri ba ya mayar da murfi ya danna maƙallai huɗu. Kuma ledar tana ciki, an ƙulle ta ƙulli ɗaya a tsakiya. Kin san haka yake yi da kowace leda in ya gama ci, shekara tara ina tsintar su a aljihunsa. 'Yarki ta yi tsalle tana tafi, ni kuwa na zauna a benci ina kallon ledar.

Jiya mun gano na biyu a lambun Titiwangsa, a jikin wata gada ta katako. Ya ce alkaki ba na talla ba ne sosai, na gara ne, in Inna ta sami aikin biki sai gida ya kwana uku yana ƙamshin zuma, kuma ke kike lashe tukunya ki ce ƙuda ne. Can ma ta ajiye wani kek.

Ta koma cin abinci sosai, tana waƙa a banɗaki. Ya kamata in yi murna, amma tsoro nake ji.

A gaishe da Malam da yara.

Rabi


Mandawari
13 ga Disamba, 2021

Rabi,

Salamu alaikum. Lafiya muke. Barka da fita takaba, Allah ya sa ya huta.

Kada ki sake barin yarinyar nan ta ajiye komai a cikin akwatin nan. Ko alawa ce. Kada ki tambaye ni dalili. Tun da Bashira ta buɗe mini takardarki ban iya sa ko loma a bakina ba.

Tukunyar zuma kuma gaskiya ya faɗa, ni ce.

Ɗelu


Setapak
23 ga Disamba, 2021

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun wuni lafiya. Takardarki ta zo a makare, don na riga na yi abin da ya fi wanda kika hana muni.

Ranar da na je batun takardunmu na bar 'yarki wurin Murja. A hanyar dawowa jirgin ƙasa ya tsaya Titiwangsa, sai kawai na ga na sauka. So nake in gani da idona. Kek ɗin yana nan, ba wanda ya taɓa shi, tururuwa sun sami ƙofa sun yi masa layi. Na tsaya ina kallonsa, raina ya ɓaci, wallahi haushinsa na ji, kamar ya yi alkawari ya saɓa. Sai na tuna fuskarta in ta zo ta tarar. Na kakkaɓe tururuwan, na ɗaga takunkumi na cinye shi a tsaye ina kuka, na ƙulle ledar ƙulli ɗaya na mayar. Da muka je tare ta ce, "See? Abba makan already," wai Abba ya riga ya ci. Ta rungume ni. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar ranar ba.

Kin ji labarin ruwan da aka yi kwana biyu ba tsayawa, unguwanni suka nutse. Mu Allah ya tsare. Da ya janye muka tafi Bukit Jalil neman na uku, ina addu'a a ɓoye Allah ya sa ruwa ya tafi da shi. Yana nan, a saƙale a bayan wani allo a kan tudu, ko ɗigo bai shiga ba. Ya ba da labarin yadda Inna take gasa kek a gwangwanin madara, a kan yashi cikin tukunya, da yadda yake lasar takardar da ke manne a gindi. Na juya katin don in karanta lambar gireba. Babu lamba. Abin da ya rubuta shi ne: "Lamba ta ƙarshe tana wurin Abba. Zo ki karɓa."

Na san nufinsa. Da yana tsaye a bayanta yana dariya, akwatin a jakarsa. Na dawo gida na sauko da jakar goyonsa da ke rataye bayan ƙofa, wadda na kasa taɓawa tun Yuli. Yana ciki, an naɗe shi da salatif, an rubuta "Gireba, sai mun kai ƙarshe." Ban buɗe ba.

Ita kuwa ta haɗa kayanta a jakar makaranta, ta jera takalmanta a bakin ƙofa. Ta ce ba jirgin da za ta hau zuwa Najeriya, Abba yana jiranta da lamba, in kai ta Sabah. In an taɓa ƙofar maƙwabta sai ta miƙe. Saura kwana goma sha bakwai, Yaya. In na ɗauke ta da ƙarfi, za ta girma tana ganin ni na raba ta da ubanta yana jiranta. In na faɗa mata, ban san ko za ta sake yarda da wata magana tawa ba.

A nan mata suna zuwa maƙabarta, Murja ta ce ranar Juma'a har da yara ake gani. Lambar da Hisham ya turo tana cikin wayata. Kullum sai na kalle ta in kashe wayar.

Ki ce wani abu, ko faɗa ne.

Rabi


Mandawari
26 ga Disamba, 2021

Rabi ƙanwata,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Kwana uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Wannan da kaina zan ɗauki hotonta, ba na so Bashira ta gani.

Ba ni da bakin yi miki faɗa. Na tambaye ki me ya sami Taju, kamar ban sani ba. To na sani.

Bayan Baba, in Inna ta gasa gireba, waɗanda suka fashe ne rabonmu, ɗaya ni ɗaya shi, sau da yawa shi ne karin kumallon. A soron gidanmu akwai wani rami a katanga, daidai tsayin yaro, inda Baba yake ajiye goronsa. Wata rana na ga Taju ya tusa girebarsa a ciki, ya toshe da tsumma. Na tambaye shi, ya ce ta Baba ce, in ya dawo daga tafiya zai ji yunwa. Kalmar da 'yarsa ta faɗa miki ke nan, ba ragi ba ƙari. Shi ya sa na kasa cin abinci.

Na ɗauki faranti zan fita talla, cikina yana kuka, na zura hannu na cinye. Yunwa ce, ba wani tausayi ba. Da ya dawo makarantar allo ya tarar babu, ya shigo yana ihu Baba ya zo, Baba ya ci. Inna ta shige ɗaki. Washegari ya sake sawa, na sake ci. Daga baya na ce wa kaina don kada ransa ya ɓaci nake yi, amma Allah ya sani daɗinta ma ina ji. Shekara guda cur yaron nan yana fita da cikinsa wayam, yana zama a soro da yamma yana leƙen lungu. Ranar da wani yaro a makaranta ya ce masa ubanka ai ya mutu, bai yi kuka ba. Ya daina magana wata biyu, kuma bai sake cin gireba ba har ya bar ƙasar nan. Shekara talatin da biyu ina cewa zan roƙe shi gafara in ya dawo. Ga yadda ya dawo.

Manyanmu ba mugunta suka yi ba, tausayi ne, amma yaron ne ya ɗauki kayan shi kaɗai. Na ba ki shawarar banza a Satumba, na janye ta. Ki zaunar da ita da rana, ki gaya mata da bakinki, kada ta ji a bakin yaran lungu. Sannan ki kai ta. Mu nan mace ba ta taka maƙabarta, ni ko garin da aka sa Baba ban taɓa gani ba, har yau in mota ta tsaya a ƙofar gida da yamma sai na ɗaga kai. Kada ki bar ta da wannan. Duk wanda ya yi magana a dangi ki turo mini shi.

Kek na biyu kin san wadda ta ci. Na farko kuma ki bar wa Allah, kada ki koma wurin.

In kin tsaya a kansa, ki ce Ɗelu ta ce ya yafe mata.

Yayarki,
Ɗelu


Setapak
3 ga Janairu, 2022

Yaya Ɗelu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Mun je maƙabarta jiya.

Na gaya mata bayan karin kumallo, har da kek ɗin Titiwangsa. Ta ce ƙarya nake, tunda na saba. Sai ta miƙo hannu ta ce, "Give me the number." Na sa mata lambar kabarin a wayar Abbanta. Hisham ya sauke mu a bakin ƙofa, ta shige gaba tana bin kibiya, wannan karon ba ta ƙirga da ƙarfi ba. Da ta kai, ta duba ƙarƙashin duwatsu, ta zagaya, sannan ta ga allon. Sunansa ta iya karanta shi. Ta daɗe a tsugune. Ta zaro kek daga aljihu ta ce, "Zai ci?" Da Hausa ta tambaya. Na ce a'a. Ta raba biyu ta ba ni rabi, sannan kukan ya zo.

Na isar da saƙonki. A nan muka yanke salatif ɗin akwatin gireba. Ga katin, na kwafe miki shi yadda yake:

"Khaulah, gireba ta fi duka daɗi, amma Abba ba ya ci. Da ina ƙarami nakan ajiye wa babana ita a ramin soro. Gwaggo Ɗelu ke cinyewa, tun rana ta uku na gan ta daga bayan ƙyaure. Ban faɗa ba. Ita ke yawo da faranti a rana, ta fi ni jin yunwa. Kuma muddin ba wanda ya faɗa a cikinmu, Baba yana nan tafe. In mun je Kano ki ce ta gasa miki, ni ma a ranar zan ci. Kada ki gaya mata na sani, kunya za ta ji."

Na saɓa masa, Yaya, na gaya miki.

Za mu sauka Kano ranar Litinin in Allah ya yarda. 'Yarki ta ce in tambaye ki ko ramin yana nan. Ta ce ba za ta sa komai ba, gani kawai take so ta yi.

Sai mun zo.

Ƙanwarki,
Rabi